Adakar kakanmu: a kai ta gidan tarihi ko a bar ta a gida?

Ɗan Koki:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Shawara na zo nema, kuma zancen da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri.

Ruwan daren Talata ya kayar da bangon gabas na soron kakanmu. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Wajen kwashe ƙasa muka jawo wata adakar ƙarfe da na tashi ina gani a ƙarƙashin gadon marigayi, ban taɓa ganin an buɗe ta ba. Makullin ya daɗe da ɓata, Baffa ya ce a fasa kwaɗon. Abin da muka tarar: gafaka biyu cike da littattafai rubutun hannu, ƙunshin wasiƙu wasu da Larabci wasu da ajami, rasiɗan haraji na zamanin En'e, wata 'yar jaka ta wuri, da aninai an zura su a zare. Kakan mahaifinmu bafatake ne, Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, yake zuwa sarin goro, to muna zaton yawancin wasiƙun nasa ne. Gara ta riga ta ci gefen gafaka ɗaya.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne, hutun da ya wuce na kai yarana Gidan Makama, gidan tarihin nan na Kano. Ƙaramin ya tsaya gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari ya ƙi motsawa, sai da na ja hannunsa. Da muka fito ya ce, "Abba, mu ba mu da komai a ciki?" Dariya na yi a lokacin. To yanzu ga adaka ta fito. Ni ra'ayina a kai kayan can ko wani wuri makamancinsa, a ajiye inda gara ba ta kaiwa, jama'a kuma su gani. Baffa ya ce sam, kayan gado ba kayan kallo ba ne. Me kuka gani?

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Allah ya kiyaye gaba. Ni dai bayan Baffanka nake. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya taɓa ba wani mai bincike aron littattafai biyu na kakansa. Mutumin ya zo da jaka a rataye da baki mai zaƙi, ya ce sati biyu zai dawo da su. Ina aji uku a firamare a lokacin. Yau ɗana na fari ya gama sakandare, sati biyun nan ba su cika ba. Ka gyara soro, ka sayi sabon kwaɗo.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya, kafin a kai ga maganar bayarwa ko hanawa, don Allah a yi wannan yau ɗin nan. A ɗauke kayan daga ƙasa a ɗora a saman sif, a ɗakin da ba ya yoyo. In akwai wanda ya jiƙe kada a shanya shi a rana, a baza a inuwa inda iska ke ratsawa. Kada a zuba su a leda, leda danshi take riƙewa sai su yi fumfuna. Kada a manna salatif a inda ya yage. Wanda kuma ya ce a kai shagon kwamfuta a liƙe su cikin roba da zafi, a ba shi haƙuri, kashe takarda ke nan, ba ta ɓaruwa daga baya. Sannan a hana yara hautsina shafukan.

Na Madabo:
'Yata ta faɗi gaskiya, musamman maganarta ta ƙarshe. Littattafan magabata ba ɗinke su ake yi ba. Falle-falle ne a sake, a sa a tsakanin tadarishi, wato bangon littafin, a naɗe da igiyar fata, a zura a gafaka. Lambar shafi ma babu. Abin da marubuci yake yi, a can ƙasan shafi sai ya rubuta kalmar da shafi na gaba zai fara da ita, da ita ake bin sawu in sun cakuɗe. To in gara ta ci daidai wannan kusurwar, sannan aka hautsina, sai wanda ya haddace littafin ne zai iya mayar da shi yadda yake.

Ka kuma ɗaga falle ɗaya saitin haske ka duba. In ka ga alamar jinjirin wata guda uku a jere a cikin jikin takardar, to irin wadda ake yi a Italiya ce, ta biyo ta Tarabulus ta ratso Sahara a kan raƙuma har kasuwar Kurmi. Da yawan littattafan Kano na kafin zuwan Turawa a kanta aka rubuta su. Ka leƙa shafin ƙarshe kuma, nan ne mai kwafa yakan ce ya kammala, ya sa sunansa, wani lokaci har da sunan wanda aka kwafa wa, ya roƙi mai karatu addu'a. Wataƙila ka tarar da sunan kakan naku a nan.

Ɗan Koki:
Allah ya gafarta Malam, na duba yanzu da fitilar waya. Wallahi ga watannin nan uku. Har tsigar jikina ta tashi.

Bakano a Shikago:
Bari in faɗa muku abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Daga inda nake zaune zuwa Jami'ar Northwestern da ke Evanston ba nisa. A ɗakin karatunsu na sashen Afirka akwai laburaren Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano, ɗan Tijjaniyya, wanda ya rasu a 1962. Rubuce-rubuce sama da dubu uku. Na je na gani da idona, kowanne da lambarsa, ka cike takarda a ɗauko maka, ka karanta ka mayar. Na fito raina a jagule. Wata zuciyar tana cewa me ya kawo kayan Kano nan, wata tana cewa da a gida suka zauna yanzu nawa ne za su rage. Malamai nawa ne sa'o'insa a cikin birni da suka bar littattafai kamar nasa? Yau ina suke? An raba gado, wannan ya ɗauki gafaka biyu, wancan uku, wani ya kai Legas, wani matarsa ta ga tarkace ne ta sa a kai bayan ɗaki. Nasa dai suna nan a haɗe wuri ɗaya.

Baban Khalifa:
Ka ji ko. Da bakinka ka faɗa. Bakanon da yake son ganin rubutun malamin garinsu sai ya nemi biza tukuna. Mutanen Bini tun 1897 aka kwashe musu kayan tagulla, sai 2022 Jamus ta fara mayar da wasu. Shekara ɗari da ashirin da biyar ana roƙo. Ni ba zan kai kayana da ƙafata ba.

Ɗalibar Tarihi:
Baba, na Bini da bindiga aka ɗauka, wannan kuwa shawara ake yi, ba ɗaya ba ne. Kuma ba wanda ya ce a kai waje. Akwai ma abin da nake ganin muna haɗawa alhali daban suke. Gidan Makama gidan baje kayan tarihi ne, yana ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta tarayya, aikinsa ya jera abu a gani. Wuri da aninai sun dace da irin wannan wurin. Wasiƙa kuwa in ka sa ta a gilashi shafi ɗaya kawai za a gani, haske kuma yana cin tawada a hankali. Ita wurinta ma'adanar takardu, inda mai bincike zai zauna ya karanta. A nan gida akwai hukumar tarihi da al'adu ta jiha da ke kula da Gidan Ɗan Hausa, akwai sashen rubutun hannu a laburaren Jami'ar Bayero. A Kaduna akwai Gidan Arewa da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a gidan Sardauna, akwai kuma ma'adanar takardu ta ƙasa, can ne fayilolin Lardin Kano na zamanin Turawa suke. Rasiɗan harajin Yaya ma can za ka ga 'yan'uwansu.

Sannan ba dole sai kyauta ba. Ana bayar da aro da yarjejeniya a rubuce, a ƙirga komai, a sa shekara, kowa ya sa hannu. Ana kuma ɗaukar hoton kowane shafi a bar wa gida asalin. Abin da ya faru da mahaifinku, Baba, ba takarda aka yi ba, amana ce kawai.

Baban Khalifa:
'Yar nan, a zamaninsu amana ita ce takarda.

Hajiyar Yakasai:
Sannunku da muhawara. Ni tun ɗazu karatu nake ina jira in ga wanda zai tuna da mu, shiru. Takardu, takubba, sulke, lifidi, kwalkwali. Ina kayan mata?

Kakata har ta rasu mazari bai bar hannunta ba. Da asuba ta gurje auduga, ta saɓe, ta ɗauko taskira da alli ta zauna kaɗi har hantsi ya dubi ludayi. Zaren nan shi masaƙa ke saye, a saƙa, a kai Kura a rine a buge, ya zama turkuɗin da Buzu zai naɗa a Agadas. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851, wanda ake kira Abdulkarim, an ce ya yi ta mamakin yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. To wa ya kaɗa zaren? Sunayen sarakuna suna nan a jere tun daga Bagauda, har da shekarun da kowanne ya yi. Matar da ta kaɗa zaren rigarsa ko sunan unguwarsu ba a sani ba.

Kuma laifinmu ne wani. Jeren ɗakin mahaifiyata, fanteka da tasoshi da kwalla har rufin ɗaki, da ta rasu ƙannena suka ce tarkace ne, aka kira 'yan gwangwan suka auna a sikeli. Kwalla ɗaya na ɓoye. Jikata ta gani ta ce wai wannan bokitin fenti ne.

Ɗalibar Tarihi:
Hajiya, kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A tarihin sarakunan Kano matan da aka ambata ba su da yawa, irin su Madaki Auwa, matar Rumfa, mahaifiyar Sarki Abdullahi, ita ma don ta fada ce. In kin yarda ranar Asabar in zo in ɗauki muryarki kina ba da labarin kakar nan taki. Da waya ma ya isa.

Hajiyar Yakasai:
Ki zo bayan la'asar, ki taho da goro.

Ɗan Marina:
Mu kam da ranmu ake kallon mu. A ƙofar marinar Ƙofar Mata an rubuta 1498, baƙi su zo su ɗauki hoto su tafi, wani ko ɗankwali ba zai saya ba. Ba ƙorafi nake ba, magana ce a kan gilashin nan da kuke ta yi. Za ka iya ɗauko baba da toka da katsi ka jera a faifai ka rubuta sunansu a ƙasa. Amma yadda ake gane karofi ya nuna, da hanci ake ji, da kumfar da ta taso ake gani, da yatsa ake taɓawa. Mahaifina daga nesa zai ce wannan sai jibi. Wannan fa a wane gilashi za a sa shi? Ramuka nawa ne yanzu a cike da shara saboda yara sun tafi tuƙin adaidaita, atamfar kanti kuma ta fi arha? In tsofaffin nan suka tafi, za a bar muku ramuka da allo.

Matashin Fagge:
Ku ana ta takarda, badala fa? Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa kusan shekara ɗari tara da suka wuce, Rumfa ya faɗaɗa, yau ka bi ta wasu wuraren shaguna ne da gidaje a kai, wani wurin an kwashe ƙasar an yi bulo. Tun 2007 take cikin jerin wuraren da ake nema wa rajistar UNESCO tare da Dutsen Dala da Kurmi da gidan Sarki, har yau jira ake. Hawan Sallah ma ya riga ta samun rajistar UNESCO, a jerin al'adu, a 2024. Kuma kowa ya san su wa suka rabar da filayen.

Mai Zaure:
Matashi, maganar badala gaskiya ce kuma a buɗe mata nata zaren. Amma "kowa ya san su wa" ɗin nan, a tsaya nan. Dokar zaure ba siyasa. A koma kan adaka.

Abu Sumayya:
Ni abin da nake jin tsoro daban ne. Girmama tsofaffin kaya da a hankali yake farawa. Kano ba ta manta Dirki ba. Kuma in akwai Alƙur'ani a cikin littattafan nan, ya dace a kai shi inda kowa zai tsaya a kansa, mai alwala da marar alwala, ana ɗaukar hoto ana dariya? In sun tsufa ba a iya karantawa, malamai sun faɗi yadda ake yi da su cikin mutunci.

Na Madabo:
Malam Abu Sumayya, kan Alƙur'ani ina tare da kai, a bar shi a gida a karanta, ko a kai inda aka san darajarsa. Amma tunda ka kawo Dirki, bari mu faɗe shi daidai don yara. Dirki Alƙur'ani ne aka naɗe da fata tun zamanin Sarki Muhammadu Zaki. Aka riƙa yi masa yanka ana ƙara fata a kan fata, har mutane suka manta abin da ke ciki, suka koma tsoron ƙunshin. Sai Alwali, na ƙarshen sarakunan Haɓe, ya sa aka sare shi da gatari aka ga abin da ke ciki. To ka duba, me ya mai da shi abin tsafi? Rufewa da rashin karantawa. Adakar da ta shekara hamsin a ƙarƙashin gado, ba mai buɗewa, kowa na jin tsoron taɓawa, ita ta fi kama da Dirki, ba wadda aka buɗe aka karanta aka san fiƙihu ne da lissafin goro ba.

Ɗan Koki, in Baffanka ya yarda ka kawo mini wasiƙun gobe bayan azahar in duba maka. A zaurena za a karanta a gabanka, ka koma da abinka.

Abu Sumayya:
Na karɓi wannan, Allah ya gafarta Malam. Sharaɗina na Alƙur'ani dai yana nan.

Ɗan Koki:
Jama'a, kwana biyu kun ji ni shiru. Mun zauna da Malam yini biyu, Allah ya saka masa da alheri, ko sisi ya ƙi karɓa.

Littattafan na karatun zaure ne da aka sani, sai wasu waƙoƙin wa'azi da ajami. Wasiƙun ne abin ji. Na farko-farkon daga Salaga ta ƙasar Gwanja aka aiko su, kakan namu yana gaya wa wansa jakai nawa suka mutu a hanya, nawa madugu ya karɓa, a ba wance kaza a ba wane kaza. Daga baya sai sunan Salaga ya ɓace, sai Kete-Karachi. Malam ya ce ai yaƙin basasa aka yi a Salaga a 1892, kasuwar ta watse fatake suka koma Kete-Karachi. Na ƙarshe-ƙarshen kuma daga Ikko, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya daina biyo jaki. Mutum ɗaya, ƙunshi ɗaya, ka ga yadda hanyar kasuwa ta juya.

Amma akwai falle ɗaya da ya sa na kasa barci. Takardar shaida ce cewa wani bawan kakan namu ya fanshi kansa da wuri keso goma, da sunansa, da sunan garin da aka kamo shi, da shaidu uku. Da na karanta wa Baffa sai ya yi shiru, can ya ce dama ya san da ita, saboda ita ce ya ce kada a kai ko'ina. Zuriyar mutumin nan maƙwabtanmu ne. Katanga ɗaya ta raba mu. Tare muke suna, tare muke jana'iza, yaransu Baffa suke ce masa. Ni kaina sai shekaranjiya na sani. Kada wanda ya tambaye ni ko wane gida ne, ba zan faɗa ba.

Baban Khalifa:
To ka gani. Tsoho ba ya hana abu a banza. Wannan takardar ko hotonta kada ka ɗauka. Waya ba ta da sirri, yau tana hannunka gobe tana hannun mai gyara.

Hajiyar Yakasai:
A nan kam ina bayan Baban Khalifa. Ku maza ba ku san abin da ake yi a binciken aure ba. Na ga auren da aka sa rana, an kai lefe, wata tsohuwa ta zo ta yi raɗa ɗaya a kan asali, aka mayar da akwatuna. Yarinyar ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Gori bai mutu a garin nan ba, barci yake.

Jikan Gandu:
Na daɗe a zauren nan ban taɓa magana ba, yau zan yi. Kakannina bayin gandu ne, a gonakin sarauta na bayan gari suka yi rayuwarsu. Ba a takarda na gani ba, kakata ce ta zaunar da ni ta faɗa mini, har da waƙar da suke yi in ana noma. Abin da nake so ku gane, gidajen da kuke tausayawa ɗin nan, yawancinsu sun sani. Tsofaffinsu sun sani sarai. Kuna rufewa don kada su ji kunya, su kuma suna shiru don kada ku ji nauyi, kowa na ɓoye wa kowa abin da kowa ya sani.

Kuma ku sake karanta abin da Ɗan Koki ya rubuto. Ba takardar saye ba ce, ta fansa ce. Keso ɗaya wuri dubu ashirin ne, goma ke nan dubu ɗari biyu. Mutumin nan murgu ya yi ta biya, yana aikin kansa yana kai wa ubangijinsa rabo, a abin da ya rage yake tara wuri ɗaya-ɗaya, wataƙila shekaru, har ya sayi kansa. Ni da za a ce ga irin wannan takarda ta kakana, da firem zan sa ta. Mu namu sai da doka ta sake su. Turawa sun ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, amma bautar kanta ba a soke ta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Akwai masu rai yau da iyayensu suka ga wannan.

In ka shiga gidajen tarihinmu za ka ga kayan yaƙi, ka ga hoton sarki, ka ji labarin basasar Tukur da Yusufawa ta 1893, ka ji yadda Turawa suka shigo a 1903 Sarki Alu ba ya gari. Duk daidai ne. Amma yaƙin nan in an ci, mutanen da aka koro fa, ina suka shiga? Su ne suka noma dawar da birni ya ci. Wasunsu ma sun yi ƙarfin da ɗa bai yi ba, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama sarautun bayin sarki ne, kuma sai ta hannunsu ake ganin sarki. Yaron da ya tambayi ubansa "mu ba mu da komai a ciki", nawa ɗan ma yana da wannan tambayar.

Ban ce a kai ta gilashi gobe ba. Cewa nake takardar nan ba ta gidanku kaɗai ba ce. Sunan kakansu ne a kai, da sunan garinsu na asali, wanda wataƙila su kansu sun manta. Ba ku da ikon bajewa ba da izininsu ba, haka kuma ba ku da ikon ɓoye musu.

Na Madabo:
Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Ban da abin ƙarawa sai ɗaya: wanda ya rubuta takardar nan da shaidu uku, don kare mutumin ya rubuta ta, kada wani magaji ya taso daga baya ya ce har yanzu nasu ne. Asalinta ma a hannun wanda aka 'yanta ya kamata a same ta.

Ɗalibar Tarihi:
A ma'adanar takardu ana iya sa sharaɗi, a ce wannan fallen ba a buɗe shi sai bayan shekara kaza, ko a nuna shi a rufe sunan. Ko hakan zai raba gardama?

Jikan Gandu:
Ƙanwata, ɗage lokaci na yarda. Rufe suna kuwa, sunan mai goro zai fito ɓaro-ɓaro da na wansa da na madugu, har jakai an ƙirga, shi kaɗai za a shafe? In masu shi suka ce a rufe, a rufe. Amma su za su faɗa.

Hajiyar Yakasai:
Na ji maganarka, ɗana, ta kuma shige ni. Amma kai namiji ne, ka yi aurenka ka hayayyafa. In akwai 'yan mata a gidan nan da ba a kai ɗaki ba, ni dai a bi a hankali. Kuma kada a tura yaro, babba ya je wa babba.

Baban Khalifa:
Ni har yanzu da a ce tawa ce, ƙasan adaka za ta koma. Amma ba tawa ba ce.

Bakano a Shikago:
Ɗan Koki, in za ku ɗauki hotunan sauran, ku sa a kan baƙin ƙyalle kusa da taga, ban da hasken waya, falle bayan falle yadda kuka same su, gaba da baya, har wanda ba rubutu. Ku ajiye a wuri biyu, kada a bar su a waya kaɗai.

Ɗan Koki:
Ga inda aka kwana. Jiya da daddare na karanta wa Baffa duk abin da kuka rubuta, tun daga sati biyun Baban Khalifa, wanda ya ba shi dariya, har maganar Jikan Gandu, wadda ya sa na maimaita masa sau biyu.

Ya yarda a ɗauki hoton littattafan da wasiƙun goro. Ni da ƙanwata mun fara da safe, mun yi gafaka ɗaya, bayana har ya ƙage. Asalin zai zauna a gida, a saman sif ɗin ɗakin Gwaggo. Wuri da aninai ya ce in ana so a bayar aro, da takarda, da sunan kakanmu a rubuce a ƙasa, kuma shi da kansa zai je ya ga inda za a ajiye kafin ya sa hannu. Alƙur'ani ba ya cikin lissafi, Malam Abu Sumayya ka kwantar da hankalinka.

Takardar fansa kuwa bai bar ni na ɗauke ta a hoto ba. Ya sa ta a ambulan ya zura a aljihun 'yar cikinsa. Ya ce ranar Juma'a in an sauko zai shiga wajen dattijon gidan shi kaɗai, shekara sittin suna sahu ɗaya, ba sai da ɗan rakiya ba. Abin da suka yanke zan ji, in na ji kuma ba lallai in kawo nan ba, a yi mini uzuri.

Yanzu tambaya: gafakar da gara ta ci ba ta gyaruwa. Wa ya san inda har yanzu ake ɗinka gafaka da tadarishi irin na da?

Ɗan Marina:
Ka shiga Kurmi wajen dukawa, ka je da safe kafin cunkoso. Ka tafi da tsohuwar a hannu su auna, kada ka kai musu littafin. Ka ce jar fatar akuya kake so, ba ta roba ba.